Ƙafar Malam Hudu

Malam Hudu mai gyaran injin niƙa ne a unguwar Kumbiya-Kumbiya ta Gombe. Ya haura shekara talatin yana wannan sana'a, kuma daga Tudun Hatsi zuwa Nasarawo da wuya a sami injin da bai taɓa kwance shi ba. Mahaifinsa mutumin Malumfashi ne, aikin gurzar auduga ya kawo shi Gombe tun Hudu bai yi wayo ba, ya zauna, a nan ya rasu. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bar wa ɗansa akwatin sifanu ne da wata ƙa'ida guda game da dubiya: kada ka dami mara lafiya da sintiri a kan ɗan zazzaɓi, amma ranar da ka ji an ce jiki ya yi nauyi, ka ajiye abin da ke hannunka ka tafi.

Hudu ya riƙe ƙa'idar nan gam. Dogo ne, mara yawan magana, ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyo a kan inji. Idan matarsa Lami ta ce masa wane ba shi da lafiya, tambaya ɗaya yake yi.

"Yana cin abinci?"

Idan ta ce yana ci, sai ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya hau babur ya tafi aiki. Idan kuwa ta ce ai tun shekaranjiya ko koko ba ya wucewa, sai ya wanke baƙin man hannunsa da omo da yashi, ya sauya riga, ya tsaya bakin titi ya sayi lemo da ayaba a leda. Ba ya daɗewa a wajen dubiya. Minti goma ne, ya yi addu'a, ya ce Allah ya sa kaffara ce, ya tashi.

A wata bazara, lokacin da zafin Gombe ke hana kowa sakat, aka yi rashi huɗu a unguwar cikin sati bakwai. Alhaji Mu'azzam mai hatsi ne na farko, sai Bappa Zulkifilu da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, sai wata dattijuwa Nana Hauwa, sai wani direban tankar ruwa da ya shekara biyu yana fama da ƙoda. A zaman makoki na huɗun ne Adda ta yi magana. Adda tsohuwa ce mai sayar da daddawa da kuka a ƙarshen layi. Ba ta da mugunta. Lura ce da ita, kuma ba ta iya riƙe abin da ta lura da shi.

"Ni dai na ga wani abu," ta ce da matan da ke zaune a tabarma. "Su huɗun nan, kowannensu Hudu ya je dubiyarsa. Kuma ba wanda ya ƙara kwana biyar."

Matan suka shiga ƙirga da yatsu. Wata ta tuna da wanda ya rasu bara. Wata ta tuna da mijin ƙanwarta. Ƙirgen ya fita daidai, domin gaskiya Adda ta faɗa.

Hudu bai san ana yi ba sai da ciwon suga ya kwantar da maƙwabcinsa Joda mai shago. Lami ta ce an ce jikin ya matsa, saboda haka ya wanke hannu, ya sayi lemo, ya yi sallama a zaure. Matar Joda ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa ta cike ta.

"Sannu da zuwa, Malam. Yanzun nan ya samu barci."

Daga cikin ɗaki Hudu ya ji muryar Joda sarai yana tambaya, "Ya tafi?"

Ya miƙa ledar. Ta ce ya ajiye a kan dakali, za a ɗauka. Bayan sati biyu Joda ya miƙe ya koma shago, kuma wannan ya ƙara wa maganar ƙarfi, tunda ga wanda aka hana Hudu gani ya tashi.

A daren da ya dawo daga gidan Joda bai tambayi Lami komai ba, sai da safe, yana shan kunu. Ta gaya masa duka, ba ta rage ba. Ya saurara, ya ƙarasa kununsa, ya ce, "To."

Daga nan abubuwa suka sauya a hankali. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya daina kawo masa aiki, domin inji ba ya jin tsoron ƙafar kowa. Amma idan ya gaisa da mutum ya ce ya jiki, sai mutumin ya yi saurin cewa ai lafiyarsa ƙalau, ko da yana tari. Wani tela da ya ɗaure hannu da bandeji ya hango shi tafe, ya sa hannun cikin babbar riga. Mata suka daina ba Lami labarin marasa lafiya. Limamin masallacin layin ya ji abin da ake ciki, ya tsaya bayan La'asar ya yi wa'azi mai kyau a kan camfi, ya ce rai da ajali a hannun Allah suke, ba a ƙafar wani bawa ba. Kowa ya gyaɗa kai. Bayan kwana goma zazzaɓi ya kama liman, aka ce ya tafi Dukku wajen 'yan'uwa sai ya ji sauƙi.

Abin da ya fi damun Hudu ba rufe ƙofa ba ne. Shi ma ya iya ƙirge. Wata rana ya sauke kalandar bango, ya juya bayanta, ya rubuta sunan duk wanda ya tuna ya je dubiyarsa cikin shekara uku. Mutum goma sha ɗaya. Ya sa alama a gaban waɗanda suka rasu. Tara. Ya daɗe yana kallon takardar. Mutum ne da ya yarda da abin da ya gani da idonsa: in ya sauya bel inji ya tashi, to bel ne. Ya san abin da liman ya faɗa gaskiya ne, ya kuma san tara cikin goma sha ɗaya ba wasa ba ne. Ya mayar da kalandar ya rataye. Daga ranar ya daina zuwa dubiya.

Wata bakwai ya yi a haka. Ana cikin haka Titus ya kwanta.

Titus mai walda ne a Herwagana, Batangale, abokin Hudu tun suna samari suna koyon aiki a gareji ɗaya. Duk ƙarfen da ya karye a injin da Hudu ke gyarawa, wajen Titus yake kai shi. Da Sallah Titus ke fara cin naman gidan Hudu, da Kirsimeti kuma matar Titus ke aiko da shinkafa da kaza, Hudu ne ma ke zuwa ya yanka musu kazar da kansa don kowa ya ci. Yanzu ga shi an kwantar da shi a asibiti, cikinsa ya kumbura, an ce sai an yi aiki. Sau uku yana kiran Hudu a waya. Na farko Hudu ya ce yana Nasarawo wajen wani inji. Na biyu ya ce babur ne ya lalace. Na uku bai ɗauka ba, ya zauna yana kallon wayar har ta katse. Ya ba Lami lemo da ayaba ta kai.

A wannan satin ne 'yarsu Su'ad ta zo gida hutun ƙarshen mako. Tana shekarar farko a jami'a, tana karatun kimiyyar halittu, amma an ɗora musu wani kwas na ƙididdiga da ba ta so. Tana share falo kalandar ta faɗo, ta ga sunaye a baya. Ta tambayi uwarta, uwar ta gaya mata. Da Hudu ya dawo da yamma ya zauna a tsakar gida yana cire takalmi, sai ta zo da kalandar ta durƙusa gefensa.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yi."

"Yaushe kake zuwa dubiya?"

"Yanzu ba na zuwa."

"Da can."

"In an ce jiki ya yi nauyi."

"Wanda mura ta kama fa?"

"Me zan je yi masa? Mura ce."

Su'ad ta ajiye kalandar a tabarma. "Baba, satin da ya wuce malaminmu ya yi mana wannan a aji. Wai koraleshan."

"Kora dai na sani," in ji Hudu. "An yi mini ita a gidan Joda."

"Ba ita ba. Ana nufin abu biyu su riƙa tafiya tare, in ka ga wannan ka ga wancan. Ya ce mu duba gobara. Duk gobarar da aka ga motocin kashe wuta sun taru da yawa, ita ce ta fi ɓarna. Wadda mota ɗaya ta je, ɓarnar kaɗan ce. Sai ya tambaye mu, to motocin ne ke ƙona kasuwa?"

Hudu ya yi tunani. "Girman wutar ne ya kira su."

"Shi ne ya kira su, shi ne kuma ya yi ɓarnar. Abu na uku ne ke jan biyun. Kai ma haka ne, Baba. Nauyin ciwo ke kiranka, nauyin ciwo ke kai mutum. Ka zaɓi waɗanda suka fi kowa jin jiki ne kawai kake zuwa wajensu."

Hudu ya jawo kalandar gabansa. Lami da ke tankaɗe a bakin kicin ta daina, tana saurare.

"Kuma wannan takardar rabi ce," Su'ad ta ci gaba. "Ina waɗanda jikinsu ya yi nauyi amma ba ka je ba? Mama, tun da Baba ya daina zuwa, mutum nawa suka kwanta sosai a unguwar nan?"

Lami ba ta buƙaci kalanda ba. Duk da an daina gaya mata, tana ji. Ta lissafo mutum shida da sunayensu da gidajensu da abin da ya kwantar da su.

"Nawa suka tashi?"

"Ɗaya," in ji Lami. "Shi ma da sanda."

Hudu ya karɓi biro a hannun Su'ad, ya rubuta sunaye shidan a gefe, ya sa alama a gaban biyar. Ya kalli layin farko, ya kalli na biyu.

"Wato ba ni suke jira ba," ya ce.

"Ba kai suke jira ba."

"Haka inji yake," ya ce. "Wanda aka fi kirana a kansa shi ke fara mutuwa. Ba wanda ya ce ni na kashe shi." Sai ya tuna. "Mutum biyu sun faɗa."

Su'ad, da yake sabon ilimi ne a kanta, ba ta so ta bar shi haka. Ta ce a gaskiya mutum goma sha bakwai sun yi kaɗan a yanke hukunci. Ta ce in ana son a tabbatar, sai duk lokacin da wani ya kwanta a jefa kwabo sama, in ya faɗi ta wannan fuska ya je, in ta waccan ya zauna, bayan shekara biyu a gwada ɓangarorin.

"Ba zan yi caca da dubiya ba," in ji Hudu. Ya mayar da takalminsa, ya ce wa Lami ta miƙo masa riga mai tsabta.

Ya sami Titus kwance an sa masa ƙarin ruwa, ya rame har ƙasusuwan kafaɗa sun fito. Matarsa na zaune a kujerar roba tana yi masa fifita. Titus ya buɗe ido ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan ƙafafun.

"An ce su ne ke kashe mutane," ya ce.

"Haka aka ce."

"Shi ya sa ba ka zo ba?"

"Shi ya sa."

"Hudu, shekara talatin da biyar ina ganin ƙafar nan a shagona. Abin da ta taɓa kashewa kujerata ce guda ɗaya. Zauna."

Ya zauna a bakin gado. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya fara ba shi labarin motocin kashe wuta. Titus ya saurara har ƙarshe, ya ce bai gane ba, amma ya ji daɗi da ya zo. A ranar Hudu bai tashi a minti goma ba. Sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin dubiya ya wuce.

Washegari aka yi wa Titus aiki, kamar yadda aka tsara tun kafin Hudu ya zo. Bayan sati uku aka sallame shi.

Lami ce ta kawo shawarar da ta biyo baya. Ta ce tunda matsalar ita ce ba ya zuwa sai abu ya ɓaci, to ya riƙa zuwa tun da wuri. Hudu ya ce ba haka mahaifinsa ya koya masa ba. Ta ce mahaifinsa bai zauna layi ɗaya da Adda ba.

Wanda aka fara da shi Ɗan'azumi ne mai faci, wanda ya yi targaɗe a ƙafa. Yana zaune a ƙofar gida an ɗaure ƙafar, ya hango Hudu tafe da leda. Ya yunƙura zai shige ciki, ƙafar ta hana. Haka ya zauna ya karɓi addu'a fuskarsa a murtuke, bayan tafiyar Hudu kuma ya kira ƙaninsa ya gaya masa inda takardun fili suke. Kwana tara ya warke. Sai wata mata mai ciwon haƙori, sai mai mura, sai wani malamin firamare da kunama ta harba. Kowa ya warke, domin dama irin ciwon da ake warkewa ne. Kafin shekara ta zagayo Hudu ya je dubiya fiye da arba'in, kuma mutum uku ne kawai suka rasu a ciki.

Adda ce dai ta sake lura. A wani taron suna ta ce ita fa ta ga ƙafar Hudu ta juya. Ta kawo Titus, ta kawo Ɗan'azumi, ta kawo mai kunama. Matan suka ƙirga da yatsu, ya fita daidai. Aka ce wani malami ne a Kumo ya yi masa taimako. Wasu suka ce ai dama ƙafar mai albarka ce, da can ba a fahimce ta ba ne.

Sai aike ya fara zuwa. Da safe kafin ya fita aiki zai tarar da mutum biyu ko uku a ƙofar gida, wannan kakarsa, wancan matarsa. Joda da kansa ya aiko a ce masa sugan ya ɗan hau, in Malam zai samu dama ya leƙo. Ranar da ya je an shimfiɗa masa darduma har cikin ɗaki. Hudu bai ɓoye wa kowa gaskiya ba. Duk inda ya zauna sai ya yi bayani: cewa da can masu nauyin ciwo kaɗai yake zuwa gani, yanzu kuma yana zuwa wajen kowa, cewa shi bai kashe kowa ba kuma bai warkar da kowa ba, cewa a je asibiti. Yakan kawo misalin gobara. Mutane su saurara da ladabi, in ya fita su ce Malam Hudu akwai tawali'u.

Su'ad ta ji labari a waya. "Baba, ka san dai yanzun ma ba kai ba ne."

"Na sani."

"To me ya sa kake zuwa?"

"Suna jin daɗi in na je. Ni ma haka. Wannan kam na tabbata ni ne sanadi."

Ta ce ko wannan ma sai an gwada. Ya ce ta dai mai da hankali ga karatunta.

Da damina ta biyu Adda ta kwanta. Ta aiko a kira shi. Lami ta je ta dawo ta ce ruwa ma da cokali ake ba ta. Hudu ya san irin wannan kiran, irin na da ne. Ya wanke hannu ya tafi. Ya same ta a kan katifa a ƙasa, ta ƙanƙance, 'ya'yanta mata sun kewaye ta. Ta gane shi. Ta ce ya matso, ta ce ta san ta yi magana a kansa, ya yafe mata. Ya ce ba komai, ai abin da ta gani ta faɗa, kuma ta ƙirga daidai. Ta ce to ai shi ne. Ya yi mata addu'a, ya zauna har ta yi barci. Kwana biyu bayan nan ta rasu. A wajen makoki aka tattauna abin, aka tsaya a kan cewa an makara wajen kiransa.

Su'ad ta ci kwas ɗin da ƙyar, ta ce tambayoyin da aka yi a jarrabawa duk lissafi ne, ba a tambayi gobara ba. Hudu yana nan yana gyaran inji, sai dai yanzu ba ya karɓar aiki bayan La'asar, saboda dubiya. Ana saura kwana shida Babbar Sallar bara wani mutum daga Nasarawo ya zo a keke napep, ya ce ragon layyarsa ya daina cin dusa, ya roƙi Malam ya zo ya duba shi. Hudu ya ba shi lambar wani likitan dabbobi, ya ce shi ya kamata a kira. Mutumin ya karɓi lambar, ya ci gaba da tsayuwa. Ganin ya biyo hanya mai nisa, Hudu ya shiga keken suka tafi. Ya tsaya a kan ragon, ragon ya dube shi. Bai san me ake ce wa rago ba, sai ya ce Allah ya sawwaƙe. Likitan ya zo da yamma ya yi allura. Ragon ya warke sarai, ya koma cin dusa, ranar Sallah aka yanka shi. An aiko wa Hudu da cinya guda.